Tambayi Likita: An cire wa Babanmu ido, daga baya hanta ta tafi da shi, mu ma za mu gada ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin ido ne suka cika min waya, na zaɓi guda uku, ta farkon ce za ta ci mana wuri sosai don ta daɗe a raina tun ranar da na karanta ta.

TAMBAYA

Salam Anti Likita, dan Allah ki taimaka min da bayani wallahi hankalina a tashe yake. Ni 'yar Agege ce nan aka haife ni, Babanmu ɗan kasuwar goro ne Allah ya jiƙansa. Wajen shekara 6 da suka wuce ya fara cewa yana ganin kamar walƙiya a idonsa na hagu sai kuma gefe ɗaya yayi duhu kamar an ja labule, mu duk mun ɗauka yanar ido ce irin ta tsufa aka yi ta sayo maganin ɗigawa a kemis kusan shekara guda, da aka je asibiti likita yace ƙari ne a cikin idon sunansa melanoma, aka cire idon gaba ɗaya aka sa masa na roba. Ya warware har ya koma kasuwa, bayan shekara 3 cikinsa ya fara kumbura ɗayan idon yayi rawaya aka ce hanta ce, wata 4 ya ƙara ya rasu yana da shekara 54. Ƙaninsa kuma Baffanmu na Kano kansar ƙoda ce ajalinsa yana ɗan 47. Yanzu na gani a Facebook wai ana gadon wannan ciwon, ni yarana 3 ƙannena 4, kuma Babanmu da Innarmu auren zumunci ne wata gwaggonmu tace shi ya jawo. Na yi jinotayif kafin aure AA nake, wannan bai isa ba? Na kasa bacci.
Maman yara, daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba da Baffa, ya sa jinya ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Ki fara sauke numfashi tukuna. Wannan ciwon da kika ambata ba kasafai ake samunsa ba ko a ƙasashen Turawa inda ya fi yawa, a Amurka wajen mutum 5 ne cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da shi a shekara, mu baƙar fata kuwa ko mutum 1 cikin miliyan ba ya kaiwa. Ya fi bin masu farar fata da shuɗin ido ko koren ido. Kuma cikin waɗanda suka kamu ɗin ma mafi yawansu ba gadonsa suka yi ba kuma ba za su gadar wa kowa ba, in aka tara majinyata 100 wajen 1 ne za a samu yana da ɗan'uwa na jini da ya taɓa yin irinsa. Da labarin Baba kaɗai kika kawo min da nan zan tsaya in ce ku je a duba idonku sau ɗaya don samun natsuwa shikenan. Abin da ya sa ban tsaya ba Baffa ne, zan zo kansa.

Bari in faɗa miki mene ne melanoma ɗin da Hausa. A jikinmu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yin launi, su ne suka ba fatarmu baƙi, su ne idan suka taru wuri ɗaya muke cewa tawadar Allah. Toh ba a fata kaɗai suke ba, akwai su a cikin ido, a wannan zagayen mai launi da muke gani a madubi da kuma wani shimfiɗi mai yawan jijiyoyin jini can ciki a bayan ido wanda ba a ganinsa daga waje ko kaɗan. Idan ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ta kauce ta fara hayayyafa ba tsayawa, shi ne melanoma. Kusan 9 cikin 10 a can bayan ne yake fitowa, shi ya sa kuka yi shekara kuna kallon idon Baba fes ba ja ba kumburi alhali abu na girma a ciki. Walƙiyar da yake gani da labulen da yace an ja masa, ƙarin ne ya turo fatar da ke ɗaukar hoto a bayan ido ta ɗago daga mazauninta. Wasu ma ba sa jin komai sam, sai an je gwajin gilashi likita ya leƙa ya ci karo da shi.

Maganar hanta kuwa, yadda kika jero labarin ya yi daidai da halin wannan ciwon. Ta hanyar jini yake tafiya kuma hanta ce masaukinsa na farko, cikin waɗanda ya bazu a jikinsu kusan 9 cikin 10 a hanta ake ganinsa, kuma yakan ɓoye shekaru bayan an cire idon kafin ya bayyana, har kusan rabin majinyata ƙarshe yakan kai su can. Saboda haka kar wani a gida ya ce cire idon ne ya kashe Baba ko likita ne ya yi ganganci, ƙwayoyin sukan riga sun fita tun kafin a taɓa idon. Duk da haka a ƙasarmu ciwon hanta na hepatitis B ya yi yawa kuma shi ma yana kawo kansar hanta, don haka ke da ƙannenki ku yi gwajinsa in ba ku yi ba, wannan kam mai araha ne kuma akwai allurar rigakafinsa.

Yanzu gado. Kowace ƙwaya a jikin ɗan Adam tana ɗauke da rubutaccen umarni wanda ya gado, kwafi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a jere cikin ƙunshi 23 kowanne biyu-biyu. A cikin ƙunshi na 3 akwai wani umarni da masana suka sa wa suna BAP1, aikinsa tsare ƙwaya kar ta haukace. Ki ɗauka kamar shagon Baba ne da ake sa wa kwaɗo biyu da yamma, ɓarawo sai ya karya duka biyun kafin ya shiga, kuma da wuya hakan ta faru a shago ɗaya. Wanda ya gaji matsalar an haife shi ne kwaɗo ɗaya a karye a kowace ƙwaya ta jikinsa, lafiyarsa ƙalau yana harkokinsa, amma ranar da na biyun ya lalace a wata ƙwaya guda ɗaya tak, a ido ko a ƙoda, toh ƙofa ta buɗe. Shi ya sa irin waɗannan gidajen ciwon kan zo musu da wuri, wanda bai gada ba yawanci sai wajen shekara 60 ake ganinsa, su kuwa sau da yawa tun suna arba'in da wani abu ko hamsin.

Wannan ilimin ma ba tsoho ba ne. A 2010 ne masu bincike a Amurka suka gano cewa ƙarin idon da ke saurin tafiya hanta yawanci BAP1 ɗinsa a lalace yake, sai a 2011 aka tabbatar akwai iyalai da ke gadon lalacewar tun daga haihuwa, kuma ba ido kaɗai take taɓawa ba. Abubuwa huɗu ne suka fi yawo tare a gida ɗaya: melanoma na ido, melanoma na fata, kansar ƙoda, da wata kansa ta rigar da ta lulluɓe huhu ko hanji da ake kira mesothelioma, wadda ƙurar asbesto ke tayarwa, irin tsohon silin da rufin nan masu launin toka da har yanzu suke kan gidaje da yawa a Agege da Mushin. Kinga dalilin da Baffa ya tsaya min a rai, wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ido ɗaya ƙoda, dukansu ba su kai 55 ba. Ba wai na ce kuna da shi ba, daga takarda ba mai iya yanke wannan hukuncin, ko a cikin majinyatan melanoma na ido gaba ɗaya 1 ko 2 cikin 100 ne ake samu da BAP1 na gado, a gidajen da mutum biyu suka yi ciwon idon ma wajen gida 1 ne cikin 5. Amma labarinku irin wanda likita ya kamata ya zauna ya saurara da kyau ne, ba irin wanda za a ce jeki ba komai ba.

Jinotayif ɗinki na AA alhamdulillah, amma shi sikila kawai yake dubawa, bai san da zancen BAP1 ba. Kuma hanyar gadon ma daban take. Sikila sai uwa da uba duk sun ba da S kafin yaro ya zama SS, wannan kuwa daga ɓangare ɗaya ya isa, idan uba yana da shi kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne, ko ya ɗauko kwaɗon mai kyau ko karyayyen, mace da namiji duk ɗaya. Wanda bai ɗauko ba shi da zuriyarsa sun fita daga lissafi kwata-kwata, ba ya tsallake shi ya faɗa kan jikoki. Wanda ya ɗauko kuma ba dole ne ya yi ciwo ba, haɗarinsa ne ya fi na sauran mutane.

Daga nan za ki gane cewa gwaggo ba ta yi daidai ba. Auren zumunci yana ƙara haɗarin cututtukan da ke buƙatar ɓangare biyu, wannan gaskiya ne kuma na sha faɗa a wannan shafin, amma wannan ciwon ko Baba Bayarabiya ya aura ko 'yar Sudan lissafin bai canza ba. Dan Allah kar a ɗora wa Inna nauyin da ba nata ba tana cikin jimamin mijinta.

Toh me za ku yi. Abu na farko ki nemo takardun Baba, musamman sakamakon gwajin da aka yi wa idon bayan an cire shi, wanda aka kai ɗakin bincike aka duba da madubin likita. Yawanci takarda ɗaya ce tak a ninke cikin katin asibiti. Ki duba cikin jakarsa, ki tambayi yayanku ko wanda ya yi ta kai shi asibiti, in ta ɓata a koma asibitin da lambar kati a nemi kwafi. Ki kira iyalan Baffa a Kano su ma su duba nasa. Sannan ki zauna da Inna da tsofaffin gida da biro da takarda, kakanku me ya yi ajalinsa, yana da shekara nawa, 'yan'uwan Baba su nawa ne, akwai wanda ya yi ciwon ƙirji da ruwa ya dinga taruwa, akwai wanda baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa ya ƙi warkewa.

A nan ne nake so in ɗan yi ƙorafi a kanmu. Mu Hausawa in aka yi rasuwa abin da ake faɗa shi ne bayan gajeruwar rashin lafiya ko doguwar jinya, shikenan an rufe, in ka ƙara tambaya a ce ba ka da tawakkali ko kana tonon asiri. Na taɓa zama da wata baiwar Allah a ɗakin duba marasa lafiya, ta zo da leda baƙa cike da takardu har da rasit na shekara goma, ina tambayarta me ya kashe mahaifiyarta tace ciwon ajali, yayarta fa, tace ita ma lokaci ne, sai can ƙasan ledar na zaro wata takarda da ta yi laushi saboda ninkewa, sunan ciwon yayar a rubuce ɓaro-ɓaro, iri ɗaya da wanda ya kawo ita wannan ɗin wurina a makare. Mijin yayar ya sani, ya ɓoye don kar a ce gidansu da mugun ciwo 'yan mata su rasa miji. Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Ajali gaskiya ne ba mai ja, amma faɗa wa ɗan'uwanka sunan ciwon da ya kwantar da ubanku amana ce, ba gulma ba.

Abu na biyu, ke da ƙannenki ku je wurin likitan ido na asibiti, ba shagon da ake gwada gilashi a karanta ABC a bango kawai ba. Nan Legas akwai cibiyar ido ta Guinness a cikin LUTH Idi-Araba, akwai sashen ido na LASUTH a Ikeja wanda ya fi kusa da ku, 'yan'uwan da ke Arewa kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ki faɗa musu da bakinki cewa mahaifinku melanoma na ido aka cire masa kuma ƙaninsa kansar ƙoda, ki ce kina so a buɗe idon a duba baya. Za a ɗiga miki wani magani mai ɗan yaji, ki zauna kamar minti 20 zuwa 30 ɗan baƙin tsakiyar idon ya buɗe, sai likita ya haska fitila mai ƙarfi yana cewa kalli sama kalli dama, ba allura ba yanka. Bayan an gama za ki yi awanni kina gani dishi-dishi rana na kashe miki ido, ko saƙon waya ba za ki iya karantawa ba, don haka ki tafi da baƙin gilashi da wanda zai riƙe ki ku tsallaka titi, kar ki ce za ki yi kokawar shiga danfo ke kaɗai a Oshodi.

Na uku shi ne gwajin BAP1 ɗin kansa, da jini ko yawu ake yi, sau da yawa waje ake tura samfurin kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Ba sai kun yi ku duka ba tashin farko, kuma dan Allah kar ki biya kuɗi ga masu talla a intanet ba tare da likita ya zauna da ke ba, don sakamakon yana bukatar mai fassarawa. Yaranki kuwa ba ruwansu da gwaji sai an fara sanin matsayinki, in ke ba ki ɗauko ba su ma sun tsira. Wanda aka tabbatar yana da shi, tsarin da ake bi shi ne duba bayan ido kowace shekara, wasu likitocin tun yaro yana shekara 11 suke farawa, da duba fata, da sikanin ƙoda daga wajen shekara 30, da nisantar ƙurar asbesto da taba. In kuɗin gwajin bai samu ba, duba ido shekara-shekara da sikanin ciki abu ne da za ku iya, ku yi shawara da likitan ya tsara muku.

Amfanin kama shi yana ƙarami babba ne. A inda ake da kayan aiki ƙaramin ƙari ba a cire ido saboda shi, wani ɗan faifai ne kamar kwabo mai fitar da haske na musamman ake ɗinkawa a bayan idon na 'yan kwanaki a cire, kuma babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada ya nuna ga matsakaicin ƙari tsawon ran wanda aka yi wa haka da wanda aka cire wa ido ɗaya ne. Ko wanda ya kai hanta ma a 2022 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna tebentafusp, duk da ba kowane jini yake karɓa ba kuma tsadarsa ta wuce misali. Gwargwadon ƙanƙantar ƙarin lokacin da aka gan shi gwargwadon raguwar haɗarin bazuwa, shekarar nan da aka yi ana ɗiga maganin kemis ita nake so kar a maimaita a kan kowa a gidanku. Ki rubuto min bayan kun je.

TAMBAYA

Dakta barka da aiki. Ni mai walda ne a wajen Mile 12 shekara 14 ina yi, akwai wani tabo ruwan ƙasa a farin idona duka biyun kusa da baƙin, abokina yace kansa ce. Gaskiya ne?
Mai walda, Mile 12

AMSA

Malam sannu da ƙoƙari. Tabo ruwan ƙasa a farin ido, a shafe ba tudu, a ido biyun, ya daɗe bai canza ba, wannan mu baƙar fata da yawanmu muna da shi, launin jikinmu ne kawai ya leƙo. Wanda ke sa mu damu shi ne na ido ɗaya, ya yi tudu, yana faɗaɗa, ga jijiyoyin jini sun nufo shi, ko wani farin tsiro kamar tsoka da ke hawa kan baƙin ido, shi wannan na biyun ya fi melanoma yawa a Afirka nesa ba kusa ba. Haka wanda aka haifa da shuɗi-shuɗin tabo a gefe ɗaya na fuska har cikin farin ido, shi ma ya riƙa zuwa ana duba shi duk shekara. Ka ɗauki hoton idon da waya yau ka ajiye, ka je a duba maka sau ɗaya.

Amma sana'arka ce ta fi damuna. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta saka hasken walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo melanoma na ido, ta sake jaddada hakan a 2017. Ka san daren da ido ke yi kamar an zuba yashi kana hawaye har asuba, ƙuna ce ta wannan hasken. Baƙin gilashi mai araha na bakin titi ba ya tare shi, kare fuska da hannu kana leƙe ta tsakanin yatsu ma haka. Ka sayi garkuwar walda ta ainihi, kuma ka saya wa yaran shagonka da ke riƙe maka ƙarfe, su ne kullum nake gani ido tsirara suna kallon wuta.

TAMBAYA

Anti ɗana shekararsa 1 da wata 8, in na ɗauke shi hoto da dare da filasha ido ɗaya sai ya fito fari yana ƙyalli kamar na mage, kakarsa tace idon arziki ne. In bari ya girma tukuna?
Uwar yaro, Idi-Araba

AMSA

A'a 'yar'uwa kar ki bari, ko sati ɗaya kar ki ƙara. Yana iya zama yanar ido ta haihuwa, ita ma gaggawa take so don kar idon ya mutu, yana kuma iya zama kansar idon yara da ake kira retinoblastoma wadda ke kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma farin ƙyallin nan shi ne alamarta ta farko. A ƙasashen da ake kai yaro da wuri fiye da 9 cikin 10 suna rayuwa, a wurinmu kuwa sai ido ya turo waje ake kawo su, lokacin ya riga ya bi jijiya ya nufi ƙwaƙwalwa. Ita wannan gadonta ya fi na melanoma ƙarfi sosai, wajen 4 cikin 10 irin wanda ake iya gadarwa ne, don haka in aka tabbatar ita ce sai an duba yayyensa da duk ƙanin da za ki haifa tun yana jariri.

Ki ba Kaka haƙuri cikin ladabi, ba tozali ba ruwan nono ba tofi a cikin idon, addu'a kuwa a yi ta. LUTH a unguwarku take, da ƙafa ma za ki iya zuwa. Gobe da sassafe ki goya shi, ki tafi da wayar da hotunan ke ciki ki nuna wa likita.